Lambar asusu ba ta lissafi ba ce

Ka taɓa zuba lambobin waya a Excel, ka ga 0803 ta koma 803? Haka rumbun bayanai ke yi idan aka ajiye lamba a matsayin adadi: sifirin farko sai ya ɓace. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10 ta dawo 9, a tura kuɗi su ƙi tafiya.

Masu amfani da MySQL kan gyara da LPAD(lamba, 10, '0'), wato a cike gurbin hagu da sifiri. Yana aiki, amma a wurina faci ne kawai. In lambar ta haura alƙaluma 10, LPAD gutsure ƙarshenta yake yi, ba gargaɗi. Tunda babu mai tarawa ko ɗebe lambar asusu, a ajiye ta a matsayin rubutu, VARCHAR, tun ranar da aka gina teburin.