Ungozoma ɗaya ba za ta iya ba

Edita, ka ba ni fili in yi kira ga gwamnatin Jihar Kebbi.

A wani ƙaramin asibitin yankinmu, ungozoma ɗaya ce ke karɓar haihuwa dare da rana. Na ga ta kama waya da haƙora tana haska jijiya don ta sa ruwa. Wanda bai runtsa ba kuwa, ko allura sai ya kuskure. In jini ya ɓalle, kafin a kai mai haihuwa Birnin Kebbi sai dai addu'a.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A saka mana sola, a ƙaro ungozoma, a gina mata ɗakin kwana.

Naka,
Mai karatu daga Lafagu, Bagudo.