Ana Marka a Hanyar Birnin Gwari, Mu Muna Dubai

Maganar wannan makon za ta yi wa wasunmu ɗaci, kuma ba mu tsame kanmu daga ciki ba.

A labaran da ake turowa wannan zaure, ku ƙirga guda nawa ne jaruma ba ta taka Dubai ba kafin babi na goma. Tafiyar ba laifi ba ce. Abin haushin shi ne a ce mana watan Agusta ne, sannan a fito da ita bakin teku da azahar, wai iska mai sanyi na kaɗa mata gyale. A Dubai! Watan da zafi ke haura digiri 40, ga gumin teku mai sa tabarau ya yi hazo da zarar mutum ya baro na'urar sanyi. Ƙasar fa da kanta ta hana lebura aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba.

To, mu ce wannan nesa ne, a waya muka gani. Na gida fa? Shi ma ba mu iya shi ba. Ruwan sama a labaranmu aikinsa ɗaya: ya jiƙa budurwa, saurayi ya tsaya da mota ya rage mata hanya.

Ku zo mu hau mota a Mando, cikin Kaduna, mu nufi Birnin Gwari a ƙarshen Agusta. Kilomita ɗari ne da 'yan kai, ta Buruku da Udawa. Marka ce, ruwa kan wuni yana zuba ba tsawa ba iska, ramukan da rani ya bari a buɗe duk sun cika, direba bai san wanne ne zai sha masa taya kawai ba, wanne ne zai karya masa ƙafar mota. Tirela ɗaya ta kafe a taɓo, kowa ya kashe inji. Gamba ta fi mutum tsawo a gefen titi, daji ya rufe ruf daga Kamuku har Kuyambana. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar nan, inda mota ke rage gudu saboda rami nan ne fasinja ke yin shiru, kowa na motsa leɓe. Ciyawar da muke kira "koriyar shimfiɗa" a rubutu, ita ce labulen mai bindiga. A Kuriga, kan wannan hanya, aka kwashe 'yan makaranta a Maris 2024, da rani ke nan ma, lokacin da ido ke ganin nesa.

A daidai wannan lokacin masara ke nuna, kuma Birnin Gwari rumbu ce. Manomi na kallon gonarsa yana lissafin abin da zai biya mutanen daji kafin a bar shi ya girbe, da kuma ko motar da za ta kwashi buhunan za ta iya shigowa ƙauyen. A lokacin ne kuma zazzabin cizon sauro ke kayar da yara. Uwa da ɗanta a goye yana jijjiga, rafi ya kawo, mai babur ya ce sai ruwa ya janye. Wane rikicin kishiyoyi ne ya kai wannan riƙe mai karatu?

Mun san amsar da ke tafe: adabi ba jarida ba ne, masu karatu hutu suke nema. Mun ji. Ba mu ce a daina soyayya ba, mu ma da ita muka fara. A Randagi da Dogon Dawa ma ana soyayya, ana kai lefe, ana ɗaga biki saboda hanya ba ta biyuwa. Wasu kuma za su ce ai an yi sulhu. Gaskiya ne, a Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je garin, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe, motoci suka dawo. Amma sulhu ba ya cike rami, kuma waɗanda suka sayar da gona suka fanso 'yan uwansu suna nan da ransu, babu wanda ya zauna ya saurare su.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, ƙyuya ce. Kwafo Dubai daga YouTube ya fi sauƙi a kan zuwa tasha a saya wa direba shayi a tambaye shi ƙarfe nawa yake daina lodi in hadari ya haɗo, da dalili. Kuɗin data da muke ƙonawa a mako ya isa shayin har da burodi.

Ga aikin wannan makon, sakin layi ɗaya kacal. Mota ta kafe bayan Udawa, la'asar ta yi sanyi, ana yayyafi, a ciki akwai amarya da ƙannen babanta biyu. Kada kowa ya sa mata iPhone, babu sabis a wurin.