Kowa Ya Sayi Rariya: Nasiha Ga Sabon Mai Mota 'Yar Ƙofa Biyu

Akwai wata irin mota da ba a sayenta don kai iyali biki ko ɗauko buhun masara daga ƙauye. Ƙofa biyu gare ta, ga ta kwance dab da ƙasa, kujerun bayanta kuwa sai dai yara. Turawa sun ƙera ta ne domin daɗin tuƙi a kan kwalta mai santsi. Idan ta tsufa a can, darajarta ta faɗi, sai a loda ta a jirgin ruwa ta sauka Legas ko Kwatano, daga nan ta iso hannun dillalai a Kano da Kaduna. Galibin masu sayenta matasa ne, sabon ma'aikaci ko ɗalibin da ya daɗe yana tari. Da su nake son yin magana a wannan mako, domin sau da yawa murnar ranar saye kan koma ciwon kai kafin shekara ta zagayo, alhali laifin ba na motar ba ne.

Bari in yi misali da wadda muka fi sabawa da danginta, wato Peugeot 406 mai ƙofa biyu. Kowa ya san 406 mai ƙofa huɗu, wadda kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna. Ita kuwa 'yar'uwarta, kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ya zana yawancin motocin Ferrari, shi ne ya zana ta ya kuma haɗa ta, daga 1997 zuwa 2004. Ma'ana, ko autarsu ta haura shekara 20 a duniya. Injinta da giyarta irin na mai ƙofa huɗu ne, saboda haka bakanikenmu ya san cikinta. Amma jikinta nata ne ita kaɗai. Ƙofa, bamba, gilashi da fitilu duk daban suke. Wanda ya fasa fitilar baya zai iya karaɗe Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna bai samu ba, sai an aika Ladipo a Legas, a can ma sai an dace. Haka abin yake ga sauran irinta, ko Toyota Celica ce ko Honda Prelude.

Nasihata guda ce, sauran duk rassanta ne: kuɗinka na farko ya tafi ga abin da ido ba ya gani. Sabon mai mota yakan fara da fenti, da sababbin ƙafafu masu walƙiya, da lasifika mai girgiza unguwa. Duk waɗannan za su iya jira. Waɗanda ba za su jira ba suna ƙarƙashin bonet da ƙarƙashin mota.

Na farko shi ne bel ɗin taimin. Wannan ɗamara ce ta roba mai haƙora, wadda ke daidaita motsin bawul da na fistin, kowanne ya kauce wa ɗan'uwansa a kan lokaci. A injinan 406, ranar da ta tsinke mota na tafiya, fistin zai doki bawul ya lanƙwasa su, aikin wuni ɗaya ya koma sauke kan inji gaba ɗaya. Ba ta yin gargaɗi kafin ta tsinke. Dillali zai rantse maka cewa wata tsohuwa ce ta hau motar a Jamus, ya nuna maka agogon kilomita. Agogo ana juya shi baya, kuma roba tana tsufa da shekaru ko da mota tana ajiye. In babu takardar da ta nuna ranar da aka canza bel, ka ɗauka ba a canza ba. Ka sa sabo a makon farko, tare da abin da ke ɗaure shi da famfon ruwa, tunda duk hanya ɗaya ake bi a kai gare su.

Na biyu shi ne ruwan inji. A nan ne nake da ja da wata al'ada ta garejojinmu. Da zarar mota ta iso, sai a ce ai ta ƙasar sanyi ce, a cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, a cika lagireto da ruwan rijiya. Tamostat ba don ƙanƙara aka sa shi ba. Aikinsa riƙe zafin inji a wajajen digiri 90, inda aka tsara ya yi aiki. Idan aka cire shi, inji ya daɗe bai ɗumama ba, sai kwamfutar mota ta ci gaba da ƙara fetur, ka riƙa biyan kuɗin da ba ka san dalilinsa ba. Ruwan rijiya kuma yana haifar da tsatsa da gishiri su toshe lagireto. Motar da ke zafi tana da cuta: ko lagireto ya toshe, ko fanka ta mutu, ko tiyo yana yoyo. A nemo cutar a yi maganinta, a zuba ruwan lagireto na musamman mai launi. In kuwa allurar zafi ta haura kana tafiya, ka tsaya nan take ka kashe inji, kada kuma ka buɗe murfin ruwa sai ya huce.

Na uku ya fi duka nauyi, domin shi rai ya shafa. Motar da aka yi don gudu, tsayawarta ce abin dubawa. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2016. Taya tana iya zama da zane raɗau amma robarta ta bushe, ta fashe a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu tsakanin Zariya da Kano. Man birki kuma yana shan raɓa daga iska, har ya kai idan ya yi zafi ka taka ka ji fanko, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Ka sa a ɗaga motar ka leƙa ƙarƙashinta da idonka, domin gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin hunturu yana cin ƙarfe da bututun birki, fenti kuma ba ya nuna hakan.

Sai baƙin mai. Ka sayi irin wanda littafin motar ya ambata, a rufe cikin galan ɗinsa, daga wurin da ka amince da shi. Ƙurar hunturu da cunkoson gari suna gajiyar da mai da wuri, don haka kada ka jira wa'adin da aka tsara wa titunan Faransa. Game da wuta kuwa, 406 na shekarun ƙarshe kwamfuta ce ke sarrafa fitilu da makullai. Mai gyaran da ya saba yanke waya ya ɗaura da wata zai iya ƙona ta. Ka nemi wanda ke da na'urar bincike, ka tsaya a kan bakanike ɗaya, kana rubuta duk abin da aka canza da ranarsa.

Saura halin tuƙi. Tudun rage gudu a bi shi sannu, a karkace, don kada tukunyar mai ta daku. Ruwan da ya kwanta a titi da damina kada a kutsa shi, inji in ya shaƙi ruwa ya tashi daga aiki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi, 50 a cikin gari. Motarka za ta iya ninka ɗarin nan, amma hanyar da ramuka da shanu da 'yan acaɓa ke rabawa da kai ba za ta iya ɗauka ba.

Daga ƙarshe, a yi lissafi na gaskiya. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai inji silinda shida sai ya shirya. A ganina, wanda kuɗinsa ya ƙare ƙarƙaf a wurin dillali bai isa sayen irin wannan mota ba tukuna. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ware wani abu duk wata don gyara, ya fara da bel da ruwa da birki, zai daɗe yana jin daɗin abarsa, ranar sayarwa ma ya sami mai saye da daraja. Allah ya sa a kashe lafiya, ya kiyaye hanya.