Zauren Iyali: Talabijin Mai Wayo, Amma Ba Intanet



A 'yan shekarun nan, duk magidancin da ya tashi daga Salaga ko Yendi ya je Tamale sayen talabijin, da wuya ya dawo da irin na da. Masu shaguna sun cika kantunansu da wanda ake kira mai wayo, wato mai iya hawa intanet da kansa. A Bawku ma haka abin yake. Da zarar an kunna shi, sai ya nemi a haɗa shi da intanet, a amince da doguwar yarjejeniya cikin Turanci wadda ba mai karanta ta. Yawanci yaron gida ne ke riƙe da rimot, ya buɗe intanet ɗin wayarsa, ya danna "na yarda".

Abin da muke so a sani shi ne, wannan mataki ba dole ba ne. Akasarin waɗannan akwatuna suna da wurin tsallake shi, ko da an ɓoye shi a ƙasan allo da ƙananan haruffa. In an tsallake, hoto da sauti ba sa raguwa. Dikodar MultiTV da eriyar kama GTV za su yi aikinsu. Filashi mai ɗauke da karatu, wa'azi ko finafinan Hausa shi ma zai buɗe.

Me ya sa muka damu? Kamfanonin ƙera talabijin sun gano cewa ribar sayar da akwati kaɗan ce, babbar riba tana cikin talla da sanin abin da mutane ke kallo. A 2017 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Vizio biyan dala miliyan 2.2, saboda ya tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba tare da izinin masu su ba. Akwatin kan ɗauki samfurin abin da ke kan allo, ko daga dikoda ya fito, ya aika wa kamfani. A 2024 kamfanin Walmart ya sayi Vizio kan kimanin dala biliyan 2.3, kuma harkar tallar ce ta ja hankalinsa. Mu da muke sa labule a ƙofar ɗaki don kare sirrin gida, bai kamata mu bar wannan taga a buɗe ba. Ga kuma tallace-tallace da hotunan finafinan da ke bayyana a allon farko gaban yara, ba wanda ya zaɓe su. Ba ma a maganar datar MTN da ke ƙarewa ba a san inda ta tafi ba.

Wanda ya riga ya haɗa nasa, ya shiga saituna ya goge sunan intanet ɗin. In ya ci gaba da naci, a mai da shi yadda ya fito daga masana'anta, a sake farawa. Gaskiya ne YouTube ba zai yi aiki ba, kuma tallar da tashoshi ke sawa tsakanin shirye-shirye tana nan daram. In akwai wani shiri da ake so, babba ya sauke shi a waya, ya duba shi tukuna, sannan ya zuba a filashi a kalla tare bayan sallar isha'i.