Kafin Mai Digirin Hausa Ya Sa Hannu a Kwantiragin Makarantar Ƙetare

Daga ƙarshen shekara zuwa farkon wata, makarantun da ake kira na ƙasa da ƙasa suke neman malaman da za su kama aiki a Agusta ko Satumba. Sanarwarsu tana isowa har wayoyin ɗalibanmu, daga Doha da Dubai da Riyad, wani lokaci daga Abijan ko Akara. A ganina aikin ba abin gudu ba ne, amma wanda ya karanci Hausa yana da wani lissafi da abokinsa na sashen kimiyya ba shi da shi, kuma shi ne ake yawan tsallakewa.

Abu na farko, ba don Hausarku za a ɗauke ku ba. Waɗannan makarantu suna bin manhajar Ingila ta Kambirij, ko ta Faransa, ko ta IB wadda aka kafa a Janiba a 1968. Abin da suke so daga Banijare ko Bakamaru shi ne Faransanci, daga Bagane kuma Ingilishi, tare da takardar horon koyarwa da ƴan shekarun gogewa a aji. Kada a haɗa wannan da kujerar koyar da Hausa a jami'a, irin ta INALCO a Paris, ko ta Warso, ko ta Jami'ar Harsunan Waje ta Beijin. A can harshen ne sana'ar. A makarantar ƙasa da ƙasa kuwa, mutum zai iya shekara biyu bai buɗe littafin nahawun Hausa ba, yana koya wa ƴaƴan jakadu da na ƴan kasuwa jera aikatau na Faransanci.

Maganar kuɗi ma tana son natsuwa. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba a cire harajin albashi, gaskiya ne, amma albashin kashi biyu ne: na asali, da alawus na gida da sufuri. Kuɗin sallama, wato ladan kwana 21 a kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, da na asalin kaɗai ake lissafa shi. Saboda haka kwantiragi biyu masu jimilla ɗaya suna iya bambanta ƙwarai ranar tafiya gida. Sannan dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka, sefa kuma da yuro, a kan 655.957. Idan yuro ya yi ƙarfi a kan dala, abin da kuke aiko wa iyali ya ragu ke nan, alhali ba wanda ya taɓa albashinku. A tambaya a rubuce: gidan na makaranta ne ko kuɗi za a bayar, tikitin jirgi na mutum ɗaya ne ko har da iyali, yara za su yi karatu kyauta ko a'a. Wannan na ƙarshe kaɗai yana iya cinye ribar tafiyar.

Izinin zama kuma a hannun mai ɗaukar aiki yake tasowa. Katar ta soke sharaɗin neman yardar uban gida kafin sauya aiki a 2020, abin a yaba ne, amma har yanzu wanda aikinsa ya ƙare yana da ƙayyadadden lokaci ya sami wani ko ya tattara. Duk makarantar da ta ce za ta ajiye muku fasfo, ku gode mata ku juya.

Inda na fi damuwa shi ne abin da ake bari a baya. Ma'aikacin gwamnati da ya ɗauki hutun jingine aiki ba tare da albashi ba, shekarun nan ba sa shiga lissafin ƙarin girma ko na fansho. Ɗalibin da ya bar kundin digirinsa na biyu a rabi, yana cewa zai ƙarasa a can, da wuya ya ƙarasa, domin binciken karin harshen Damagaram ko waƙoƙin Adar yana buƙatar bakin masu magana, kuma ba a samunsu a harabar makaranta a Dubai. Ga shi kuma a Nijar, tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, aikin ƙirƙirar kalmomi da fassara da rubuta littattafan aji ya ƙaru a gaban ƙwararru ƙalilan. Ba na cewa kowa ya zauna don kishi. Kishi ba ya biyan kuɗin haya. Ina cewa a san farashin tafiyar kafin a biya.

Wanda ya riga ya kare kundinsa, ba shi da gurbin aiki a gida, kuma an ba shi kwantiragin shekara biyu mai gida da inshorar lafiya, ni zan ce ya tafi. Ya koyo yadda suke tsara darasi da auna ɗalibi, domin azuzuwanmu na Hausa suna da ƙishirwar wannan. Idan makarantar ta IB ce, ya tambaya tun a hirar ɗaukar aiki game da tsarin da ke ba ɗalibi damar nazarin adabin harshen uwarsa da taimakon wani malami. Inda aka dace da ɗan Bahaushe a aji, ta wannan ƙofar Hausa take iya shiga jadawalin irin waɗannan makarantu.