Gobarar Jirgin Sama Daga Wajen Gyara Take Farawa

 Rubutunmu na wannan mako a kan gobarar jirgin sama ne. Na san wani zai ce ina ruwan manomin Makoɗa ko Kunci da jirgi, mu da sai dai mu ɗaga kai daga gona mu ga yana wucewa. To, a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, za a ga ruwanmu a ciki har tsundum.

A ranar 5 ga watan Mayu na 2006, wuta ta tashi a rumfar gyaran jirage ta kamfanin Sabena Technics da ke filin jirgin saman babban birnin Beljiyam. Ta cinye jirage huɗu, uku na fasinja ƙirar Airbus A320, ɗaya na sojan ƙasar ƙirar C-130. Asarar dukiya ce mai yawan gaske, amma da yake jiragen a ajiye suke ana duba su, babu fasinja ko ɗaya a cikinsu. Shi ya sa nake ganin duk munin irin wannan gobara, da sauƙinta. Wadda ta fi ta muni ita ce wadda ake shuka sanadinta a wajen gyara, a rufe baki, a loda mutane, sai an lula sama sannan ta bayyana. Irin wannan ta taɓa cin mutanenmu, kuma da yawa daga cikin matasanmu ba su ma taɓa jin labarin ba.

Ranar Alhamis 11 ga watan Yuli na 1991, da safe, wani jirgi ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zai nufi Sakkwato. Jirgin na wani kamfanin Kanada ne mai suna Nationair, an yi hayarsa don jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways. A cikinsa akwai fasinja 247 da ma'aikata 14. Alhazai ne sun sauke farali, sun yi tsarabar dabino da zamzam da carbi, a gida kuma ana share tsakar gida ana jiran su. Kimanin minti goma da tashinsa ya faɗo yana ci da wuta, saura ƙasa da kilomita uku ya isa titin da yake ƙoƙarin komawa. Mutum 261, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Abin da binciken hukumomi ya gano shi ne ya sa nake wannan rubutu. Injin jirgin lafiyarsa lau, kuma babu hadari ko guguwa a wannan safiya. Taya ce ta jawo. Biyu daga cikin tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma kanikawan jirgin sun san da haka tun ranar 7 ga wata, wato kwana huɗu kafin hatsarin. Maimakon a gyara, sai aka sauya alƙaluman da ke cikin takardar gyara, suka nuna kamar iskar ta cika. An shirya canza tayoyin a Accra ta ƙasar Ghana, sai saƙo ya zo daga manajan da ke kula da kwangilar cewa an makara, a hanzarta. Aka fasa. A safiyar tashin ma, babban bakanike ya nemi a kawo iskar da za a ƙara, ba a same ta nan kusa ba, manajan kuma bai yarda a jira ba. Shi wannan manaja ba injiniya ba ne, aikinsa lissafin lokaci da kwangila. Amma maganarsa ce ta yi aiki. Binciken bai ma sami shaidar cewa an gaya wa matuƙan halin da tayoyin suke ciki ba.

Wani zai yi mamakin yadda rashin iska a taya zai ƙone jirgi sukutum. Duk wanda ya taɓa huɗa da shanu zai gane. In aka ɗaura sa biyu a karkiya ɗaya, ɗaya ya yi lagwas, nauyin garmar duka a wuyan ɗan'uwansa yake komawa, kuma sau da yawa mai ƙarfin ne yake fara durƙushewa. Haka ta faru. Tayar da ke kusa da marar iskar ta ɗauki nauyin biyu, ta yi zafi, ta fashe lokacin da jirgin yake gudu a kan titi zai tashi. Nan take ɗayar ma ta bi ta. Ƙarfen wilin ya riƙa gurzar kwalta har ragowar robar ta kama da wuta. Matuƙan sun ji ƙara, sun yi zargin taya ce, amma ba su san akwai wuta ba. Da jirgin ya ɗaga, sai suka naɗe ƙafafunsa zuwa cikin cikinsa kamar yadda aka saba. Wato suka ɗauki wutar da hannunsu suka shigar da ita ɗaki, wurin da wayoyin lantarki da bututun man da ke sarrafa birki da fikafikai suke, kuma a wannan jirgin babu na'urar da za ta yi ƙara ta sanar da su wuta ta kama a wurin. Wutar ta cinye daɓen da kujerun fasinja suke kai. Tun jirgin bai iso filin ba mutane suka fara faɗowa ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita kuwa iskar da aka rasa, ba irin ta mai faci ba ce. Tayar babban jirgi da iskar naitirojin ake cika ta, domin ita ba ta taimaka wa wuta ci, saɓanin iskar da muke shaƙa. Wannan doka ma da rayuka aka saye ta. A watan Maris na 1986, jirgin kamfanin Mexicana ya faɗi a ƙasar Meziko, mutum 167 suka mutu, bayan wata taya da aka cika da iskar gama-gari ta yi zafi ta fashe a cikin cikin jirgin. Kusan kowace ƙa'ida da ke cikin littafin gyaran jirgi haka tarihinta yake, sai da wasu suka mutu aka rubuta ta. Wanda ya tsallake ta saboda sauri, da kabarin waɗancan mutane yake wasa.

Na san abin da za a fara cewa: kwana ne ya ƙare. Haka ne, mun yi imani babu ran da zai wuce lokacinsa, kuma muna yi wa waɗannan bayin Allah kyakkyawan zato, sun cika a kan hanyar ibada. Amma imani da ƙaddara bai taɓa wanke mai sakaci ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, kuma shari'a ta ɗora diyya ko a kisan kuskure. In makiyayi ya saki shanu suka cinye maka dawa, ba ka cewa ƙaddara ce ka koma gida ka kwanta, wajen mai gari kake zuwa. To, don me ran mutum 261 zai fi kan dawa araha? Wanda ya ɗauki biro ya rubuta cewa taya ta cika alhali ya san ba ta cika ba, shaidar zur ya yi, kuma amana ya ci. Kalmar ƙaddara ta dace a bakin wanda aka yi wa rashi, don ya sami haƙuri. In ta fito daga bakin wanda ya yi sakacin, mafaka ce kawai yake nema.

Akwai kuma maganar da ba za mu so ji ba. Me ya sa manajan nan yake sauri? Domin jinkiri yana da tsada, kwangila tana iya kuɓucewa, kuma fasinja suna kumfar baki. Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci sansanin alhazai ya san yadda rai yake ɓaci in aka ce an ɗaga tashi. Ba na raina wannan wahala. Tsohuwar da guzurinta ya ƙare a Jidda, tana kwana a kan tabarma tana jiran jirgi, tana da hakkin ta yi fushi. Amma jinkiri iri biyu ne. Akwai na rashin tsari da raina mutane, wannan a yi ta ƙorafi a kansa har sai an gyara. Akwai kuma wanda ake cewa injiniya ya ƙi sa hannu sai an canza wani abu. Wannan na biyun rahama ce, kamata ya yi a yi wa injiniyan addu'a. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Da alhazan 1991 sun ƙara wasu sa'o'i a filin jirgi ana neman iska, da iyakar abin a yi tsaki a manta.

Yanzu mu dawo gida, domin halin da ya ƙone wancan jirgi muna ganinsa kullum. Je ka tasha ranar kasuwar Ɗambatta ka duba tayoyin motocin da ake loda wa buhuna da awaki da mutane. Wata ta suɗe har zare ya fito, wata 'yar kwance ce da ta gama rayuwarta a Turai kafin a kawo mana. Mai faci zai ce wa direba, maigida wannan fa ba za ta kai ba, direba ya ce buga mata iska kawai, in na dawo a duba. Mu fasinja muna ji, ba mai tankawa, wani ma cewa zai yi a yi sauri rana tana yi. Haka ɗan bumburutu yake jera jarkokin fetur kusa da mai suyar ƙosai. Haka aka cika kwalekwale fiye da ƙima a ruwan Bagwai a ƙarshen watan Nuwamba na 2021, ya kife da mutanen Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. A yawancin irin waɗannan musibu za ka tarar akwai wanda ya hango matsalar, ko dai ya yi shiru don kada a ce ya cika tsoro, ko ya faɗa aka fi ƙarfinsa.

Jirgin ma kansa bai yi mana nisa ba. Daga garuruwanmu ake sayar da shanun kiwo da riɗi da gyaɗa, wani har da gonar gado, a biya kujerar Makka, wadda a 2025 ta haura naira miliyan takwas. Kano ta ga hatsarin 22 ga Janairu na 1973, lokacin da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya kama da wuta wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ta kuma ga na 4 ga Mayu na 2002, da jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, ya kashe har da waɗanda ba su taɓa taka matakalar jirgi ba. Sanadin kowanne daban ne, amma sun isa su nuna mana cewa lafiyar jirgi magana ce ta kowa.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema. Na farko, duk shekara idan Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta sanar da kamfanonin da za su yi jigila, ta haɗa da bayanin jiragen: na kamfanin ne ko haya ce, daga ina aka ɗauko su, yaushe aka yi musu babban gyara na ƙarshe, kuma wa ya duba. Jirgin 1991 sunan Najeriya yake amsawa, amma masu shi da masu gyaransa suna wata nahiya. Mutumin da ya biya miliyoyi yana da hakkin ya san abin da zai hau.

Na biyu, hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jirage ta tsaya wa injiniyan da ya ce a'a. In bakanike ya san ƙin sa hannu zai raba shi da abincinsa, wata rana zai sa hannu a kan ƙarya. Maganar lafiyar jirgi ta ƙare a bakin wanda ya karanci gyara, mai riƙe da lalitar kuɗi ya tsaya a lalitarsa.

Na uku, rahotannin binciken hatsari da hukumar NSIB take fitarwa a taƙaita su da Hausa, a karanta a rediyo. A wajen bitar maniyyata ma a ware ɗan lokaci a yi wa mutane bayanin dalilin da kan sa a tsayar da jirgi. Wannan aiki ne da mu marubuta za mu iya sa hannu a ciki, ba sai mun jira gwamnati ba.

Na huɗu, ga ƙannenmu masu son aikin hannu. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ba matuƙa kaɗai take yayewa ba, har da injiniyoyin gyara. Har yau kamfanoninmu da yawa ƙasashen waje suke kai jirage babban gyara. Kano da jirgi ya fara sauka a cikinta tun 1925 ta cancanci ta sami babbar rumfar gyara, kuma 'ya'yanmu ne ya kamata a tarar a ciki riƙe da sifana. Ƙananan hukumomi da masu hali su ɗauki nauyin ko da mutum bibbiyu ne.

Na ƙarshe kuwa ba ya buƙatar kasafin kuɗi. In ka zo shiga mota ka ga taya ta suɗe, ka yi magana. In direba ya ƙi ji, ka sauka. In mai faci ko bakanike ya ce a dakata, ka goyi bayansa a gaban mutane, domin shi kaɗai ba zai iya da mai mota ba. Za a yi maka dariya, wataƙila ka rasa cinikin safe, amma sauri ya haifi nawa.

Ina roƙon dattawan wannan zaure da suka riski 1991, musamman 'yan uwanmu na Sakkwato da Kabi da Zamfara, su ba mu abin da suka sani a ƙasan wannan rubutu, don na baya su ji. Allah Ya gafarta wa waɗanda suka rasu, Ya kai alhazanmu lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amanar da ke hannunmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.