Addu'ar Safe Da Itacen Girki

Wannan karo muna so mu yi magana a kan addu'ar safe ta cikin gida, amma daga bakin gulbi za mu fara.

A watan Afrilu na 1922 babu wanda zai ce yaron ƙauye zai shiga jirgi don neman itace, gama daji yana bayan gida. Shekara ɗari bayan haka, watau a watan Afrilu na 2022, wani kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da 'yan mata. Itacen girki za su ɗebo a ƙetare. Shekara guda da wata ɗaya bayan wannan, a watan Mayu na 2023, wani jirgin ya sake kifewa a ruwan nan da yaran Dandeji, aka tsamo gawa 15. Su ma itace suka tafi nema.

Ba mu ɗauko wannan magana don mu yi wa masu makoki wa'azi ba. Maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, kuma wanda bai binne ɗa ba bai san nauyin wannan ƙasa ba. Da kanmu muke, mu masu bi 'yan kaɗan da muke zaune a Boɗinga da Shagari da ƙauyukan da ke kewaye, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan tireda da manoma. Sa'ad da labarin ya zo, abin da yawancinmu muka faɗa shi ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Muka yi addu'a a majami'a ran Lahadi. Ran Litinin kuwa muka aiki namu yaran neman itace kamar yadda muka saba, wasu da gatari, wasu da igiya, zuwa wuri mai nisa fiye da na bara.

A nan ne muke ganin akwai gyara cikin yadda muke fahimtar dogara ga Allah. Gaskiya ne rai da mutuwa a hannunsa suke, ba mai musun wannan. Amma akwai wata irin dogara da ta zama mayafi, muna rufe ragwanci da ita, muna rufe tsoron faɗin gaskiya da ita. In jirgi na mutum 15 ya ɗauki 30, mai bangaskiya ba shi ne wanda ya shiga yana cewa Allah zai kiyaye ba. Mai bangaskiya shi ne wanda ya tsaya a gaɓa ya ce a yi sawu biyu, ko da za a yi masa dariya. Ku tuna Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya yi tsalle, har ya kawo masa aya. Yesu ya ƙi, gama gwada Allah dabam, gaskata shi dabam. Labarin yana cikin Matiyu sura 4.

Akwai wani labarin jirgi da muke so kowane gida ya karanta a wannan mako, cikin Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus ɗan sarƙa ne, ana kai shi Roma. Tun suna tsibirin Karita ya gargaɗe su kada su tashi, lokacin tafiya ya wuce. Shugaban sojan ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgin, suka tashi, hadiri ya kama su har kwana 14. Mutum 276 ne a ciki. Allah ya riga ya sanar da Bulus cewa ba wanda zai mutu. To, ku duba abin da mutumin da ya riƙe alkawari irin wannan ya yi. Bai shimfiɗa tabarma ya kwanta ba. Da ya ga matuƙan suna shirin sulalewa da ƙaramin kwale-kwale, sai ya faɗa wa sojoji a fili cewa in waɗannan suka tafi ba mai tsira, aka datse igiyoyin. Ya lallashi mutane su ci abinci domin su sami ƙarfi, ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gabansu duka. Bayan sun ƙoshi suka zubar da alkamar da ke cikin jirgin don ya yi sauƙi. Masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka kama katako. Dukansu suka kai gaɓa. Alkawarin Allah ya cika sarai, amma ta hannun mutanen da suka ci abinci, suka rage kaya, suka kama katako ya cika.

Wani zai ce, to ina ruwan wannan da addu'ar safe? Da ruwansa ƙwarai. Bulus bai koyi natsuwa a daren hadiri ba, ya zo da ita ne. Mutumin da ya saba tsayawa gaban Allah kowace safiya, shi ne idonsa ke buɗe sa'ad da kowa ya ruɗe. Mu kuwa mun mai da ibada abin ranar Lahadi da na kwanan addu'a a ƙarshen wata. Muna son taron da za a kwana ana kiɗa, a yi mana alkawarin buɗi, mu ba da baiko mu koma gida muna jira. Ba mu raina kwanan addu'a ba. Amma mun ga gonar da ciyawa ta cinye domin mai ita ya yi dare uku a wurin taro a tsakiyar Yuli, ya dawo yana barci da rana.

Abin kunya kuma, a ƙasar da muke zaune ba sai an koya wa kowa tashin asuba ba. Kafin zakara ya yi cara na biyu an kira salla, maƙwabci ya fita da butarsa, ko da sanyin hunturu ne. Nan Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Abdullahi kuma a Boɗinga, har yau kuwa mutanen wurin sun san darajar karatun safe. Mu da muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, a gidaje da yawa yana cikin akwati tare da takardun makaranta, sai ran Lahadi a kakkaɓe shi.

Ga abin da muke roƙo. Minti goma ya isa, kafin a hura wuta. Maigida da uwargida da yara, har da baƙon da ya kwana. Yaron da ya iya karatu ya karanta aya huɗu ko biyar. A yi addu'a gajeriya, a ambaci sunayen mutane, har da maƙwabcin da ba shi da lafiya ko da ba addininmu ɗaya ba. Kāna a yi tambaya guda kafin a watse: yau wa zai je ina, kuma lafiya zai dawo? Wannan tambaya ita ma ibada ce. Uban da ya roƙi Allah ya kiyaye 'yarsa, sa'an nan bai tambayi ta wace hanya za ta bi ta samo itace ba, rabin addu'a ya yi.

Isra'ilawa a jeji kowace safiya suke fita tsintar manna, in rana ta yi zafi ta narke, wanda kuma ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa. Mun ji wasu suna kafa hujja da wannan, wai tanadi rashin bangaskiya ne. Sun manta Allahn da ya ba da manna shi ne ya ba Yusufu hikimar tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar har shekara bakwai. Ko manna ɗin ma ba a cikin tukunya take sauka ba, sai an tashi da wuri an sunkuya.

Yanzu bari mu koma kan itacen, gama shi ne ya kai yaran nan cikin ruwa. Dattawa sun ga yadda abin ya faru. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi, mutane suka ƙaru, gonaki suka cinye daji, masu gawayi da masu motocin itace suka ƙarasa saura. Yau mace tana girki da kara da kashin shanu, watau abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki shi ne muke ƙonewa. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuwa, kananzir da gas sun ƙara nisa da talaka.

Akwai abin da 'yan'uwanmu Hausawa na ƙetaren iyaka suka yi wanda ya kamata mu sani. A ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin mishan na SIM mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana raba dashen itatuwa, yawancinsu suna mutuwa, zafi da awaki da gara suna gamawa da su. Shi da bakinsa ya sha ba da labari cewa wata rana a 1983, yana jan kaya na dashe, ya tsaya a hanya don ya rage iskar taya saboda rairayi. Ransa a ɓace, ya yi addu'a Allah ya buɗe masa ido. Da ya duba wani ɗan kurmi a gefen hanya, sai ya gane ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itace ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irin waɗannan kututture suna cike da gonaki, kowace shekara suna toho, kowace shekara manomi yana sassabe su ya ƙone. Ku lura, amsar addu'ar ba ruwan sama ba ce, ba kuma kuɗi daga Turai ba. Abin da yake gabansa tun tuni ne aka nuna masa.

Dabarar ba ta da wuya, a can suna kiranta sassaben zamani. Lokacin sharar gona, in ka zo kan kututturen kalgo ko sabara ko magarya ko gawo, kada ka share shi duka. Zaɓi reshe mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ka bar su, ka yanke sauran. Ka rage ƙananan rassan gefe har wajen rabin tsawonsa, da wuƙa ko lauje mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa. Da yake saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, ba ya bukatar ban ruwa, yana kuma girma da sauri fiye da dashe. Abin da ka yanke shi ne itacen girkin gidanka. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, da yawa suka sare itatuwan da rabon ya ƙare, amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara 20 da wani abu, masana suka kiyasta cewa a Jamhuriyar Nijar an farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, yawanci a ƙasashen Maraɗi da Damagaram. Manoman da suka yi wannan kusan dukansu Musulmi ne, ƙasarsu kuma ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Gawo kam ba sai mun yabe shi ba. Kowane manomi ya san yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ya kuma san yadda zangarniya take a ƙarƙashinsa, da yadda tumaki suke rububin 'ya'yansa da rani.

Mun san akwai wuyar da ta shafe mu musamman. Da yawa cikinmu baƙi ne a nan, gonar aro ko ta haya muke nomawa, kuma wanda ya bar itace ya girma a gonar wani, ana iya zaton yana neman riƙe gonar ne. Saboda haka kada kowa ya fara a ɓoye. A je wurin mai gonar a yi magana, itacen nasa ne, rassan da aka rage na mai noma. A je wurin mai gari, gama in babu doka a gari, abin da ka raina shekara biyu wani zai sare shi da dare ɗaya. A zauna da Fulani makiyaya tun kafin kaka, su ma suna bukatar ganyen. A Nijar ma abin bai yaɗu ba sai da manoma suka tabbata itacen da suka raina nasu ne, ba na ma'aikatan daji ba. Wannan zirga-zirga tana cin lokaci, tana bukatar haƙuri da ladabi, wani lokaci a yi maka alkawari a manta. A ganinmu ita ce aikin bangaskiya da ke gabanmu a wannan ƙasa, ta kuma fi wa'azin lasifika faɗa wa maƙwabta ko mu su wane ne.

Kafin itatuwan su girma, akwai na yau. Murhun duwatsu uku yana watsar da zafi ta kowane gefe. Murhun laka da aka gina ya rungume tukunya, da ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage cin itace sosai, yumɓu da kashin jaki da ƙaiƙayi kawai ake bukata. Muna roƙon zumuntar mata ta kowace ekklesiya ta nemi wadda ta iya ginin, a gina na farko a gidan fasto inda kowa zai gani, na biyu a gidan maƙwabciyar da ta nuna sha'awa. Iyaye maza kuma, in dole ne yaro ya ƙetare ruwa, babba ya raka shi gaɓa ya ƙirga mutanen da ke cikin jirgin da idonsa. In sun yi yawa, a jira sawu na biyu, tuwon dare ya makara.

Sharar gona tana farawa wajen watan Maris zuwa Afrilu. Masu bishara da dattawan ekklesiya su sa wannan magana cikin sanarwar Lahadi tun watan Fabrairu, kowane gida kuma ya zagaya gonarsa ya ƙirga kututture masu toho kafin a kai gatari da wuta.